Kwana Tara Kafin Lakwal

Saura kwana tara a buɗe lakwal,
gidanmu na Birni ya koma masussuka.
Amalanken Kawu Ma'azu ta iso daga Mirriya tun hantsi:
dami shida, kabewa uku,
da buhun gyaɗa mai ƙasar gona a jika.
Jakin ya tsaya a ƙofar gida yana huci
sai ka ce shi ya yi noman.

Ban gama sannu da hanya ba
Habsu ta zare zangarniya biyu ta ruga murhu.
Tumu!
Nafi'u na murzawa a tafi, yana hurawa, yana ƙona baki,
bai yarda ya huce ba, kada wani ya riga shi.
Auta Barira ta tauna sau ɗaya ta tsaya cik:
haƙorin da ya yi mako yana rawa
ya fito cikin gero, fari fat kamar tsabar shinkafa.
Ta dunƙule shi, ta toshe baki da ɗaya hannun
kada ƙadangaren katanga ya hango giɓin,
wai in ya gani, sabo ba zai tsiro ba.
Har magariba ba wanda ya ci dariyarta.

Ubansu na Zango bisa keken ɗinki,
rigunan 'ya'yan mutane sun taru masa har wuya,
na nasa 'ya'yan kuwa, "gobe in Allah ya so."
Ni ina gindin turmi da lissafi:
kaye goma sha biyu, bik, alli,
takalmin Nafi'u da ya buɗe baki yana neman abinci.
Jikka nawa ke nan?
Na ƙirga, na sake, na koma ƙirgawa da yatsun ƙafa.
Kaka ta san hanyar rumbu,
hanyar aljihu ce ba wanda ya nuna mata.

Da la'asar suka ɓace bisa duwatsun bayan unguwa.
Na yi kira har muryata ta dushe.
Suka dawo gwiwa a kurje,
gwangwani cike da fara tana shure-shure,
"Inna, ki soya mana da yaji."
Na ɗaga ludayi zan kai duka,
ludayin ya ƙare cikin kasko.

Nafi'u ya ɓare karan dami ya ƙera mota,
taya huɗu na sakaina, lodinta ɓawon gyaɗa,
ya ce Agadas za ta, ba ta ɗaukar mata.
Habsu ta take ta, wai ba da gangan ba.
Kuka, yaƙushi, rantsuwa,
ni ce alƙali, ni ce shaida, ni ce kuma mai laifi.
Na ce, "Allah ya kawo ranar lakwal in sha iska!"
Suka amsa da amin, marasa kunya.

Ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari.
Duk mutumin Damagaram ya san wannan tarin.
Na tashe su ɗaya ɗaya, kowa da jarkarsa,
Habsu na barci a tsaye, ruwa na zuba mata a ƙafa,
wata ya faɗo cikin bokiti,
Barira ta ce kada in taɓa, nata ne,
ta manta da giɓi ta yi dariya.

Yanzu sun kwanta a tabarma ɗaya,
ƙafar wannan a wuyan wancan,
suna ƙamshin hayaƙi da ɗanyar gyaɗa.
Na zo kwance zane na ji ƙulli a haɓarsa
wanda ba ni na ɗaura ba.
Na kwance: haƙorin ne.
Ajiya ta ba ni ba ta faɗa ba.

Saura kwana takwas.
Addu'ar nan da na yi ɗazu,
ya Allah, ba sauri nake ba.